Rafin da Kawu Lawan Yake Alwala

Abin da na fara koya a Amurka shi ne zama a kan benci. Mutumin da ya yi alkawarin tarbata a filin jirgin Dulles, wanda na yi watanni ina kiransa Yaya a waya, ya ɗaga kirana na farko ya ce yana kan hanya. Daga nan wayarsa ta mutu, har yau kuma ba ta farfaɗo ba. Na zauna da akwatina tsakanin ƙafafuna ina kallon mutane suna rungumar 'yan'uwansu. Ban yi kuka ba, tsoro ma ban ji ba. Yunwa kawai nake ji, da sanyin na'urar da suka ƙure kamar masu ajiyar nama.

Wani direban tasi ɗan Sudan ne ya lura da ni, don ya kai fasinja ya dawo ya same ni inda ya bar ni. Ya tambaya ko ni Musulmi ne, na ce e. Ya ce to yau Juma'a, in taso. Ya kai ni babban masallacin da ke Sterling, ya ce a nan ba a rasa ɗan ƙasarku. Bayan an sallame, ina tsaye wajen takalma, sai na ji wani dattijo yana faɗa a waya da Hausar Kano tsantsa: "Rago na ce maka, rago! Ka je ka ɗauko mini abin da ko ƙaho bai fito masa ba?" Na bar takalmina a nan na bi shi da safa.

Shi ne Kawu Lawan. Ba mu haɗa komai ba, kowa ne yake kiransa haka. Ya saurari labarina yana sakace, ya ce, "Wannan Yayan naka ai kai ne na uku da ya zubar a filin jirgi. Ɗauko akwatinka."

Hyattsville aka kai ni, wani bene mai jan bulo, wanda tun daga matakala za ka san ƙofar Bahaushe da ƙamshin daddawa. Matarsa, Anti Rabi, ta shimfiɗa mini katifa a falo ba tare da ta tambayi sunan garinmu ba. Sai da na ci tuwo na ƙoshi sannan ta ce, "To, ɗan wa ne kai?" Na ce Sabi'u ne sunana, daga Kazaure, malamin darasin noma ne ni a sakandare kafin in taho karatu. Anti Rabi ba ta jin Turanci in ban da gaisuwa da sunayen kayan miya. 'Ya'yansu duk sun girma suna Kano, kowa da buƙatarsa, kuma duk a wuyan Kawu.

Karatun da na zo dominsa bai ɗauki lokaci ba. Makarantar ɗakuna biyu ce a saman shagon gyaran farce, malamin ɗaya ne, shi ne shugaba, shi ne kuma mai buɗe ƙofa. Na ɗan je na daina. Na koma wanke-wanke a wani gidan abinci, in hau jirgin ƙasa in tafi, in hau in dawo, ba wanda ya taɓa kallon fuskata.

A wajen Hausawan yankin, daga Hyattsville har Fort Washington, Kawu shi ne mai wuƙa. In an yi haihuwa shi ake kira ya yanka ragon suna. In Layya ta zo, likitoci da injiniyoyi su jeru a wata gona suna riƙe da igiyoyin ragunansu suna jiran Kawu. Akwai mahauta na halal a gari, amma mutanenmu sai su ce, "Ai hannun Kawu daban ne." In an taru a gidan wani lokacin salla ya yi, shi ake turawa gaba. Idan aka tambaye shi aikinsa na tsakiyar mako, sai ya ce gona, can cikin Virginia. Ba wanda ya taɓa neman ƙarin bayani, tunda ba wanda yake sha'awar gona.

Da bazara ta shigo ya ce maigidansa yana neman mutum na biyu, don shi bayansa ya fara ƙi. Muka fita da asuba, muka miƙi hanyar kudu har gine-gine suka ƙare aka shiga gonaki da kurmi. A wani gidan mai ya tsaya, ya kashe mota, ya juyo ya dube ni.

"Sabi'u, kai ɗana ne yanzu. Abin da za ka gani yau tsakanina da kai ne da Allah. Ko Rabi ba ta sani ba."

Na ce to.

"Ba to nake nema ba. Rantse."

Na rantse. Ya buɗe but ɗin motar ya ciro wasu kaya daga cikin baƙar leda, muka shiga banɗakin gidan man muka canza.

Warin ne ya fara isowa kafin idona ya gani. A gefen wata gonar masara an yi keji da ragar ƙarfe, cikinsa aladun daji ne suna dukan ragar da kawunansu. Baƙaƙe ne, gashinsu kamar tsintsiyar kwakwa, manyan da haure a waje. Ba na kowa ba ne, a kurmi suke haihuwa, su fito su tone gonar mutum tas kamar an bi ta da garma. Manoma su ne suke kiran maigidan Kawu, wani Bature mai jan wuya da ake kira Mista Rodni, wanda ba ya yawan tambayar takardu. Aikinmu mu zuba masarar da ta yi tsami a kejin, in sun shiga ƙofa ta faɗo. Rodni ya harbe, mu kuma mu ja, mu loda a bayan a-kori-kura, mu kai rami. Ranar farko na yi amai har sai da ba abin da ya rage. Kawu ya tsaya a kaina ya ce, "Yi ka gama. Ni ma na yi nawa."

Bayan ɗan lokaci na daina jin komai. In kama ƙafar baya, Kawu ya kama ta gaba, mu jefa. Ranar Lahadi in kira mahaifiyata, ta ce me kuke nomawa a gonar, in ce masara. Ba ƙarya na yi ba gaba ɗaya, ai buhunan masara nake ɗauka.

Wasu ranaku wata Baturiya mai bincike takan zo daga wata jami'a da akwatin ƙanƙara. Ita jini take so, da ƙodar kowane alade. Da yake na taɓa koyarwa, bakina bai iya shiru ba, na tambaye ta me ya sa ƙoda. Ta ce akwai wata ƙwayar cuta da take zama a ƙodar dabbobin nan ba tare da ta kayar da su ba, tana fita a fitsarinsu, ta zauna a taɓo da ruwa ta daɗe da ranta. Sunanta leptospirosis, mu muka gajarce muka ce lefto. Ta ce mutum ba sai ya ci naman ba. Ruwan kawai ya taɓa masa ciwo, ko ya shiga ido, ko hanci, ko baki. Shanu na ɗauka, karnuka na ɗauka, mafarauci na ɗauka, haka yaron da ya je wanka a rafi. Tana farawa kamar kowane zazzaɓi, in an gane da wuri ƙwayoyin magani kaɗan ne, in an bari kuma ta sauka a hanta da ƙoda. Ta nuna mana kududdufin da aladun suke birgima ta ce ko da takalmin roba mu yi hankali.

Kawu ya fi kowa bin doka. Safar hannu biyu yake sawa, ya naɗe wuyan hannun da salatif. Ba ya cin komai a wurin aiki. Amma duk wannan ba don cuta yake yi ba, don ƙazanta ne. Shi ya sa in azahar ta yi ba ya taɓa jarkar ruwan da ke cikin mota. Sai ya gangara wani ɗan rafi da ya ratsa ƙasan gonar, ya tuɓe safar, ya ɗebi taɓon bakin ruwa ya cuɗa hannuwansa har gwiwa, ya ɗauraye, ya sake cuɗawa, sai ya cika bakwai. Sannan ya yi alwala a tsanake, ya kurkure baki, ya shaƙa ruwa ya fyace, ya tsoma ƙafafunsa masu faso yana tsettsefe yatsu.

Ni da jarkar nake yi, don ina ƙyamar tsutsa. Wata rana na bi shi bakin rafin na ce, "Kawu, ka ji fa abin da matar nan ta ce. Kududdufin aladun nan a sama yake, nan yake malalowa."

Ya ɗebo ruwan a tafinsa ya miƙo mini. "Duba. Launinsa ya canza?"

"A'a."

"Ƙamshinsa fa? Ɗanɗanonsa?"

"Ban ɗanɗana ba, Kawu."

"To ni na ɗanɗana. Ruwa ne mai gudu, Allah ya saukar da shi, mai tsarki ne mai tsarkakewa. Kai kuma kana alwala da ruwan da ya kwana a mota ɗaya da mushen alade, wanda Rodni yake kafa wa baki. A cikinmu wa ya kamata ya yi wa wani wa'azi?"

Na yi dariya, shi ma ya yi. Ya daɗe yana wannan aikin kafin in zo, kullum a irin rafukan nan yake wanka da alwala, ba abin da ya same shi.

A tsakiyar zafi aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, kududdufin ya cika ya haɗe da rafin. A makon ne kuma wayar keji ta yanki Kawu a tafin hannu. Ya ɗaure da tsumma, azahar na yi ya kwance ya gangara.

Da aka kwana biyu sai zazzaɓi. Ya kwanta yana rawar sanyi a cikin wannan zafin, kansa kamar zai tsage, idanunsa suka yi jawur. Abin da ya fi kuka da shi sha-raɓarsa, ko zani ya taɓa sai ya yi ƙara. Mutane suka fara zuwa dubiya, kowa ya leƙa ya fito da hukunci ɗaya: maleriya ce. Kawu ya yi shekaru bai taka Najeriya ba, sauron Kano bai san inda yake ba, amma mu duk zazzaɓin duniya maleriya ne. Alhaji Tijjani, wani injiniya da ke Fort Washington wanda shi ne babba a cikinmu, ya aiko da maganin maleriya da matarsa ta zo da shi daga gida. Wani ya kawo zuma da habbatussauda.

Na jira Anti Rabi ta shiga kicin, na tura ƙofar ɗakin na durƙusa a gefen gadon.

"Kawu, wannan ba maleriya ba ce. Duk abin da matar nan ta lissafa ga shi a jikinka. Mu je asibiti."

"In na je me za su fara tambayata?"

"Aikinka."

"To."

"Ai likita ba ya faɗa wa kowa."

"Wa zai kai ni? Wa zai tsaya a kaina? Ka taɓa ganin Bahaushe ya kwanta asibiti shi kaɗai?" Ya numfasa. "Ragon sunan 'ya'yan mutanen nan duk da hannun nan na yanka. Gara in mutu ana cewa Allah ya jiƙan Kawu, da in rayu ana gaisawa da ni ana zuwa wanke hannu. Ka rantse mini, Sabi'u."

Na fito na tarar da Anti Rabi tana dama koko. Ta dube ni ta ce, "Me ya ce maka?" Na ce cewa ya yi a ƙara masa bargo. Na zauna a falo ina kallon talabijin ba tare da na san me ake nunawa ba. Haka na yi ta yi kullum: in tashi, in je aiki, in ja aladu ni kaɗai, in dawo in ji shi yana nishi ta bango, in ci tuwo.

Sai kuma zazzaɓin ya sauka. Ya tashi zaune, ya sha koko, har ya yi wa Anti faɗa a kan ta cika sukari. Aka yi ta hamdala ana yabon maganin Alhaji Tijjani. Ni ma na yarda, don ina so in yarda. Ba a jima ba ya sake kwantawa, wannan karon fararen idanunsa suka koma ruwan ƙwai. Aka ce ciwon shawara ne. Anti ta samo rawaya a shagon 'yan Afirka ta jiƙa masa. Ranar da ta lura tun jiya bai yi fitsari ba, yana kuma kiranta da sunan ƙanwarsa da ta rasu, ba ta yi shawara da kowa ba. Ta kira Alhaji Tijjani ta ce ya zo da mota.

Kafin la'asar ɗakin asibitin ya cika da manyan riguna. Ma'aikatan suna ta cewa mutum biyu kawai aka yarda, mutanenmu suna cewa to, ba wanda ya motsa. Likitan wani saurayi ne siriri mai tabarau. Turancin Kawu ya gudu tare da hankalinsa, don haka Alhaji Tijjani ne yake amsawa. Ya yi tafiya kwanan nan? A'a. Yana shan giya? Aka yi salati. Me yake yi? Manomi ne. Yana hulɗa da dabbobi? Alhaji ya ce raguna, jefi-jefi, kuma lafiyayyu. Ya shiga wani ruwa, tafki ko rafi? Alhaji ya yi murmushi ya ce wannan dattijo ne, ba ya iyo. Likitan ya ce ƙodar ta tsaya, hantar ta kumbura, za su yi ta gwaje-gwaje amma ba su san inda za su dosa ba tukuna. Ya sake tambaya ko akwai wanda ya san wani abu. Ina jingine da ƙofa. Ya wuce ta gabana ya fita.

Na bi shi. A bakin wani famfon wanke hannu na tare shi, na faɗa masa komai da guntun Turancina: aladun, ƙodar da ake cirewa, rafin, yankan da ke tafin hannu, ruwan da ake shaƙa a hanci. Na so in ƙara da cewa sirri ne, amma kafin in haɗa kalmomin ya riga ya juya da sauri. Shi murna yake yi, ya samu bakin zaren. Ya shiga ɗakin ya ɗaga hannun Kawu ya duba tafin, sannan ya tambayi jama'a da ƙarfi, da Turanci, tun yaushe mutumin nan yake aikin aladun daji.

Duk wanda ke ɗakin ya ji, ban da mutum ɗaya. Anti Rabi ta dubi wannan ta dubi wancan ta ce, "Me ya ce? Alhaji, me ya ce?" Alhaji Tijjani ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, "Ya ce sun gano ciwon, Hajiya." Ban san ko Kawu yana cikin hankalinsa a lokacin ba, amma idanunsa a buɗe suke, kuma ni suke kallo.

Aka ɗaura masa maganin a jijiya tun kafin sakamakon gwaji ya fito, aka wuce da shi ɗakin masu tsananin ciwo, aka jona shi da injin wankin ƙoda. Na yi kwanaki a kujerar baranda. Ina jira in ji nadama ko sauƙi, ko ɗaya bai zo ba. Wata nas ta ji ina waya da Hausa, ta tsaya ta ce, "Sannu ɗan'uwa, ka ci abinci kuwa?" Sunanta Rifkatu, 'yar Kagoro. Washegari ta zo mini da gwate a kula. Ta zauna kaɗan ta ce, "Ni da kiwon alade babana ya yi mini makaranta, ga shi yau ni nake juya Kawunka a gado. Ci abincinka." Na cinye tas, ban ma yi mata godiyar kirki ba.

Wata mata daga hukumar lafiya ta kira ni, aka ɗebi jinina, aka ce ba ni da komai. Ta yi ta tambaya a kan rafin, ina ya fito, ina ya nufa, wa yake shiga. Ashe a can ƙasa akwai inda iyalai suke kai yara wasan ruwa in zafi ya yi, akwai kuma masu shanu da suke shayarwa a ciki. Na ji an kafa allon gargaɗi a wurin. Ban je na gani ba, don Rodni ya aiko da kati mai hoton fure, daga nan ya daina ɗaukar wayata. Da matar hukumar lafiyar ta same shi cewa ya yi mu ba ma'aikatansa ba ne, taimaka masa muke yi.

Kawu bai mutu ba. Hantar ta warke, idon ya washe, amma ƙodar ba ta dawo ba. Likitan ya ce yawanci takan dawo, sai dai shi da ma ga hawan jini ga sukari, ga kuma daɗewar da aka yi a gida. Ya ce da a kwanakin farko aka zo, da ƙwayoyi za a ba shi ya koma gida a ranar. Ya faɗi haka ne yana duba kwamfuta.

Labari kuwa kafin a sallame shi ya kai har Kano. Ba wanda ya zage shi, mutanenmu ba sa haka. An kawo abinci, an yi addu'a, wani malami ma ya tashi a taro ya ce Kawu bai ci ba, bai sayar ba, ɓarna yake kawarwa, ba shi da laifi. Kowa ya gyaɗa kai. Amma aka yi haihuwa a gidan wani likita, sai a hoto muka ga ragon, an riga an feɗe. Layya ta zo ta wuce wayar Kawu ba ta yi ƙara ba. In an zo gaishe shi, sai a dafe ƙirji daga bakin ƙofa a ce ba a so a tashe shi. Wata mata ta tambayi Anti Rabi a waya ko sunan da aka raɗa wa ɗanta yana nan ko sai an sake yanka.

Ni ban bar gidan ba, ba wanda kuma ya ce in bari. Na koma kai saƙon abinci a mota, ranakun wankin ƙoda kuma ni nake kai shi. Tunda ya fito bai taɓa ɗaga maganar ba. Bai ce na ci amana ba, bai ce na kyauta ba. Abin da yake ce mini a mota bai wuce "Rage gudu" da "Kashe sanyin nan" ba. Ya daina ce mini ɗana, Malam Sabi'u yake cewa.

Wata Talata da hantsi, bayan an shiga da shi, muna zaune ni da Anti Rabi a ɗakin jira. Tana ɓare gyaɗa a cikin leda tana tara ɓawon a cinyarta. Ban san me ya sa ranar ba, na ce, "Anti, ki yafe mini. Da bakina kika ji abin da bai so ki ji ba."

Ba ta ɗago ba. "Wane abu?"

"Aikin."

"Aladun?" Ta hura ɓawon gyaɗa daga tafinta. "Sabi'u, tun shekarar da ya fara na sani."

Na dube ta.

"Mutum ya canza riga a hanya, ya canza wando. Gashin kansa fa? Ni nake kwana kusa da kan nan. Na taɓa zama a Sabon Gari, na san warin."

"Ba ki taɓa faɗa masa ba?"

"In ce masa me? Namiji ya fita ya kama abin da yake ƙyama don 'ya'yansa su ci, ya dawo gida yana wanke hannu har fata na saɓulewa, ni kuma in tare shi in ce na sani? Ai sai in bar masa gidansa ya shigo da girmansa." Ta ɗaure bakin ledar. "Abin da ban sani ba shi ne akwai ciwo a ciki. Ni ban yi boko ba, ba wanda ya gaya mini. Kai ka sani?"

"Na sani."

"Tun yana gida? Ranar da na tambaye ka ka ce bargo?"

"E."

Ta daɗe tana kallon ƙofar da aka shiga da shi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Da ka ce mini ciwon aladun ne, wallahi ko a bayana zan goya shi in kai shi a ranar. Ba Alhaji, ba kowa, daga ni sai kai sai likita."

A talabijin ɗin bango wata mata tana nuna yadda ake gasa kaza, na zuba mata ido har ta gama.

Da azahar aka turo shi a keken marasa lafiya, hannunsa naɗe da bandeji, fuskarsa ta yi toka-toka kamar kullum in an gama. Ya dube ni ya dubi matarsa.

"Me kuke cewa?"

Anti Rabi ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta gyara masa hula. Ta ce, "Cefane. Daddawa ta ƙare."

Na karɓi keken daga hannun ma'aikacin na tura shi zuwa mota.